Yi Mani Shiru, Mairama

Duk wanda ya san kasuwar Sabon Birni a zamanin da kaset ke tashe ya san rumfar Kalilu Mai Kaset, ko da bai taɓa sayen komai a wurinsa ba, domin tun daga tasha ake jiyo ta. 'Yar rumfa ce ta kwano tsakanin masu gyaran babur da masu awon gero, an girke manyan sifikoki biyu a bakinta. A ciki kaset ne jere tun daga ƙasa har rufi, galibi na waƙoƙin finafinan Indiya, daga baya na finafinan Hausa suka samu nasu gefen. Shi kansa Kalilu bai damu da kallon fim ba. In ka tambaye shi yadda labari ya ƙare, sai ya ce ka je ka tambayi masu ido, shi waƙoƙin ne nasa.

Kunne kam Allah ya ba shi, wannan ko maƙiyinsa bai musa ba. Kuma ba sayar da kaset kawai yake yi ba, tara su yake yi, irin tarawar da ta zama ciwo. Waƙoƙin fim guda sai ka iske yana da su iri-iri: bugun Kano, da wanda direbobi suka shigo da shi daga Maraɗi, da wanda alhazai suka yo tsaraba daga Jidda a cikin ledarsa. A kunnen kowa waƙa ɗaya ce, amma ban da Kalilu. Bugun Kano, in ji shi, an yi ta kwafarsa daga kwafi har inji ya ƙara masa gudu, muryar macen ta koma ta 'yar yaye. Na Maraɗi an cika masa ganga ta danne sarewa. Na Jidda shi ne mai tsabta, sai dai wani lokaci sukan yanke wutsiyar waƙar ƙarshe don zare ya ƙare. Zai zaunar da kai a benci, ya sa wannan, ya cire, ya sa wancan, ya ƙura wa fuskarka ido yana jira ka ji bambancin. In ka ce ba ka ji ba, sai ya dube ka da tausayi, kamar ka ce masa ba ka jin gishiri a miya. Mutane da yawa sun ce sun ji ne kawai don ya sake su su je su yi cefanensu.

Yau Kalilu ya tsufa. Rumfar ta koma wurin cajin waya a hannun wani, kaset ɗin kuma suna kwance cikin akwatunan ƙarfe a ɗakinsa. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana farautar bugu mafi tsabta, sai ga shi da furfura ya tashi neman kaset mafi datti da ya taɓa fita daga hannunsa. Dalili kuwa, a cikinsa ne kaɗai muryar matarsa Mairama ta rage a duniya.

Mairama 'yar Tozai ce, gidan manoma gero. Kafin ya gan ta, jin ta ya fara yi, ran da aka ɗauke shi haya da sifikokinsa zuwa wani biki a garinsu. Batir ya mutu ana tsakar sha'ani, 'yan mata suka ci gaba da waƙar da baki, sai ya ji wata siririyar murya ta fita daban a cikinsu, ba ta kauce ko kaɗan ba. Ba ta san kalma ɗaya ta Indiyanci ba, amma in ta ji waƙa sau ɗaya ta ɗauke karin ke nan, sai ta zuba masa nata kalmomin na Hausa, yawanci na tsokana. Da waƙa take daka, da waƙa take shara, har in tana faɗa da akuya sai ka ji kamar da kari take yi. Muryar nan Kalilu ya bi har Tozai da goronsa, ba wani abu ba.

Ba su daɗe da aure ba aka kawo wani fim gidan kallo, wanda mutanen gari suka raɗa wa suna Ɗiyar Mai Kwale-kwale, tunda sunansa na asali ba ya faɗuwa a baki. Waƙoƙinsa suka shiga ran mutane, kowa ya zo rumfa shi yake tambaya, ga shi kaset ɗin bai iso ƙasar Gobir ba. Kalilu ya aika Sakkwato, ya aika Gusau, shiru. Ana nan sai ga wani falke, Alhaji Ɗanmusa, ya biyo daga Maraɗi za shi Isa, ɗauke da garmaho mai batir da ya sayo wa kansa, da faifan waƙoƙin fim ɗin sabo ƙal. Kalilu ya bi shi da magiya har ya yarda ya ba shi aro, amma da sharaɗi: da zarar an gama sauke kaya daga motarsa, aro ya ƙare.

To, garmaho ba shi da wayar da za ta shiga rediyon Kalilu. Hanya ɗaya ce: a ajiye rediyo a gaban bakin garmaho, a danna jan madanni, kowa ya kama bakinsa har a gama, don duk abin da ya motsa a ɗakin sai ya shiga kaset. Kasuwa ba wurin wannan aiki ba ce, sai ya kwashi kayan ya yi gida da rana tsaka. Ya kora kaji gidan maƙwabta, ya ja akuya ya ɗaure can waje a gindin dalbejiya, ya toshe taga da tsumma, ya rufe ƙofa. Mairama kuwa ya ce ta bar dakan da take yi, ta shigo ta zauna inda zai riƙa ganinta, kada ta taɓa ko da ludayi. Ta shigo tana murmushi, ta zauna a kan tabarma a lungu, ta naɗe hannu.

Waƙoƙin farko suka wuce lafiya lau. Kalilu na durƙushe, fuskarsa dab da rediyo, ko numfashi da dabara yake yi. Sai aka zo waƙar ƙarshe, mai sanyin nan da yarinyar ke yi a bakin kogi, wadda saboda ita ake neman kaset ɗin gaba ɗaya. A yi wa Mairama adalci, ta yi iya ƙoƙarinta. Amma waƙar ta fi ƙarfinta, tun tana kaɗa kai har bakinta ya buɗe, ta bi karin a hankali da nata kalmomin. Ba ta yi nisa ba Kalilu ya daka mata tsawa:

"Yi mani shiru, Mairama!"

Sai da maganar ta fita ya tuna bakinsa ya fi nata kusa da rediyo. Ta yi tsit. Waƙar ta ƙarasa ita kaɗai. Kafin ya mayar da allura baya ya sake ɗauka, sai ga hon ɗin mota a ƙofar gida, Alhaji Ɗanmusa na kwaɗa sallama, yana cewa a fito masa da kayansa, hanya na jiransa.

Da Kalilu ya so, da ya yanke waƙar ƙarshe ya sayar da sauran. Amma wa zai saya? Haka ya sa kaset ɗin a rediyonsa mai baki biyu ya yi ta kwafa, yana yi yana tsaki. Kafin wata ya zagayo, daga Sabon Birni har Isa babu majalisar hira da ba a ji Mairama na waƙa mijinta na daka mata tsawa ba. 'Yan tsokana kuwa suka samu abin yi. 'Yan kabu-kabu in za su wuce rumfa sai su rage gudu su ce, "Yi mani shiru, Mairama!" su ƙara wuta. Mai shayi in an cika shi da gardama haka yake cewa. Mata a bakin rijiya suka mayar da maganar abin wasa tsakaninsu, har wata tsohuwa takan faɗa wa zakaranta in ya yi cara ba a kan lokaci ba.

Abin ya yi wa Kalilu ciwo ƙwarai, amma kada ka ɗauka kunyar tsawar da ya yi wa amaryarsa a kunnen duniya ce ta dame shi. Ko kusa, wannan bai zo masa a rai ba. Abin da ke cinsa shi ne a ce shi, Kalilu, aiki ya fita daga rumfarsa da datti.

Ita Mairama da farko tana taya mata dariya. Sai dai tun daga ranar, in ya shigo gida ya kunna rediyo, sai ta yi shiru. Daga nan ya zama ko bai kunna ba, muddin yana gida, ba ta waƙa. A hankali har in ba ya nan ma maƙwabta suka daina jiyo ta. Ba fushi ta yi ba, ba ta kuma taɓa yi masa gori ba. Ta haifa masa 'ya'ya, ta riƙe masa gida, tana yi masa dariya in ya kawo shirmensa na Maraɗi da Jidda. Waƙar ce kawai ta naɗe ta ajiye. Abin takaici, mai kunnen da ke gane an rage sarewa a kaset bai lura an ɗauke waƙa daga gidansa ba. Ya ma ji daɗin shirun, don ya fi samun damar saurare.

Bayan 'yan shekaru wani alhaji ya kawo masa bugun Jidda na Ɗiyar Mai Kwale-kwale, garau, har 'yan ƙararrawar ƙafar mai rawa ana ji. Ran nan Kalilu bai ci abincin rana ba don murna. Ya fara da uwar kaset ɗin, wadda ya ɗauka a ɗaki. Kowane kaset yana da 'yan ramuka biyu a ƙeya, in an ɓalle haƙoran da ke rufe su ba ya sake ɗaukar komai. Sai ya cusa 'yar takarda ya toshe ramukan, ya sa a rediyo, ya shiga ɗora sabon a kan tsohon. Mairama na tsaye da tsintsiya a bakin ƙofa.

"Malam, ko guda ba ka bari?" ta tambaye shi.

"In bar mi? Datti?"

Ta ce, "Haka na," ta ci gaba da shararta.

Bai tsaya nan ba. Ya sa aka yi ta faɗa a kasuwa cewa duk mai tsohon kaset ɗin ya kawo a ɗora masa mai tsabta kyauta. Waɗanda ba su kawo ba ya bi su har gida, don Kalilu ba ya mance fuskar wanda ya sayi kaset a hannunsa. Ranar kasuwar Isa yana can da rediyonsa ɗaure a bayan babur. Ya je Tozai, garin su Mairama, ya goge na 'yan uwanta ma, suna yi masa godiya. Da rijiya ya haƙa da irin wannan himma, da har yau ana sa masa albarka.

Mutum ɗaya ne ya ƙi, Sammani na Turba, abokinsa tun suna makarantar allo, manomi mai 'yan tumaki, wanda ba ya rabuwa da rediyo a kafaɗa. Kalilu ya iske shi a gindin wata tsamiya a bakin gonarsa, ya sa masa bugun Jidda, ya ƙura masa ido kamar yadda ya saba.

"Na ji," in ji Sammani. "Ya yi kyau. Amma ni nawa nika so."

"Wanga mai datti? Ba ka jin yadda shika huci kamar maciji?"

"Ina ji. To ita 'yar Indiyan ga, na san mi taka cewa? Mairama kau na san mi taka cewa, kuma dut sadda naj ji sai na yi dariya. Kai ka taɓa tsayawa ka ji mi tac ce?"

Kalilu bai taɓa ba, kuma tambayar ce ta ƙara tunzura shi. Ga haushin a ce wani namiji na jin daɗin muryar matarsa, ga haushin an raina masa aiki. Ya ce wa Sammani kunnen jaki gare shi. Sammani ya ce ya ji, jakin dai ba ya ba da kaset ɗinsa. Daga ranar zumuncinsu ya koma gaisuwar jana'iza, a yi musabaha a wuce.

Zamani ya yi ta juyawa. Faifan sidi ya zo, Kalilu ya saya, ya saurara, ya ce tsabta kam akwai, amma miya ce ba daddawa. Memori ya zo, waƙoƙi bila adadin a abin da bai kai farce ba, ya ce an matse su ne har sun shaƙe. Cinikin kaset ya mutu a tsaye, amma shi bai fasa tarawa da gwadawa ba. Sai dai a 'yan shekarun nan ƙorafinsa ya zama iri ɗaya ko me aka sa masa: sun cire sarewa, sun cire 'yan ƙararrawa, sun binne muryar macen. Autarsa Ikilima, wadda ke aure nan cikin gari, ita ta fara gane inda matsalar take. In ta yi masa magana daga baya ba ya juyowa, amma in mijinta ya yi da muryarsa mai kauri nan take yake amsawa. Shekarun da ya yi da kai a cikin sifika sun cinye masa siraran sauti, sun bar masa masu kauri. Da ta gwada faɗa masa sai ya hau ta da faɗa, wai su 'yan zamani ne ba sa buɗe baki in za su yi magana. Kowa ya ƙyale shi, don gaya wa Kalilu kunnensa ya taɓu daidai yake da zaginsa. Mairama kuwa sai ta koyi zagayowa gabansa kafin ta yi magana, yana karanta bakinta bai sani ba.

Ta rasu da damina, bayan gajeriyar jinya. Jikokinta duk suna da waya, amma babu wanda ke da muryarta. Duk sanda ɗayansu ya nuna ta da waya yana cewa ta yi magana a ɗauka, sai ta ja gyale ta rufe baki, sai an sauke wayar ta ce, "Kada in ɓata maku." Su kuwa suna ɗauka wasa take yi.

Da aka watse daga zaman makoki gida ya yi wa Kalilu faɗi. Wata rana da hantsi ya buɗe akwati ya ɗauko bugun Jidda ya sa, don dai ya ji motsi. Da aka zo waƙar ƙarshe sai ya ji jikinsa ya yi tsam yana jira, daidai inda Mairama ta saba shigowa a tsohon kaset. Ganga ta wuce, babu kowa. Nan ya zauna ya nemi muryarta a cikin kansa. Fuskarta ta zo, tafiyarta ta zo, har yadda take riƙe tsintsiya, amma muryar ta ƙi zuwa. Ran nan ne Kalilu ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza.

Ya zazzage akwatunan kaf, ko Allah ya sa ɗaya ya tsira. Ina! Aikinsa ba ya barin saura. Ya bi tsofaffin abokan ciniki, waɗanda ke raye suka ce, "Ai kai da hannunka kag goge shi, Kalilu, har munka yi maka godiya." Wasu sun zubar da kaset tun tuni, wasu kuma rashin tsaro ya tashe su daga ƙauyukansu, bar ta kaset, ko hatsi ba su tsaya ɗiba ba. Sunan Sammani tun ranar farko yake a ransa, girman kai ne ya sa ya bar shi ƙarshe. Da ya tambaya aka ce shi ma ya baro Turba, yana zaune a Isa gidan wani ƙanensa.

Ikilima ta ce ba zai bi hanyar nan shi kaɗai ba, ta nemi izinin mijinta. Suka bi motar safe, lokacin da motoci ke tafiya a jere, kowa na addu'a a ransa. Kalilu na rungume da ƙaramin rediyonsa a cinya, ga sababbin batura a aljihu.

Suka iske Sammani a zaure, ya rame, gemu ya yi fari fat. Aka gaisa, aka yi wa juna ta'aziyya da jaje, na Mairama, da na gonar Turba, da na tumakin da aka kora. Ikilima ta shiga ciki ta gaida matar Sammani, Bara'atu, suka fito tare da ruwa. Kalilu na ta juya rediyonsa a hannu ya kasa farawa. Sammani ya dubi rediyon, ya dubi mai shi.

"Ka zaka ka goge shi?"

"A'a," in ji Kalilu. "Na zaka in ji. In shina nan."

"Ran da munka gudo, abu biyu naɗ ɗauko, Bara'atu da rediyona," in ji Sammani. Bara'atu ta ce ya dai faɗi gaskiya, rediyon ya fara ɗauka. Ya yi kamar bai ji ta ba, ya ci gaba. "Kaset ɗin kau shina ciki. Robar da ka juya shi ta tsinke tun tuni, ƙofar ta cije, labarai ɗai nika ji da shi."

Hannun Kalilu bai mance aikinsa ba. Ya ari wuƙa ya ɓanɓare murfin a hankali, ya zaro kaset ɗin, ya hure ƙura. Zaren ya yi sako-sako, ya zura biro a rami ya juya har ya tsuke. Ya sa shi a nasa rediyon, ya tura gaba har kusa da ƙarshe, ya yi bismilla ya danna.

Huci ya fara fitowa, sai ganga can ƙasa-ƙasa. Kalilu ya durƙusa, ya kai kunne dab da sifika, kamar yadda ya durƙusa a ɗakinsa ran da aka ɗauka. Ya san wurin, don ganga takan ɗan ja baya kafin Mairama ta shigo. Gangar ta ja baya.

Ikilima ta dafe baki da hannu biyu, hawaye suka zubo mata. Bara'atu ta ce, "Allahu akbar, Mairama," ta juya fuska bango. Sammani ya sunkuyar da kai yana 'yar dariya, idonsa jawur. Kalilu ya murɗa ƙara har ƙarshe. Ganga ya ji, da huci. Ya ɗago ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda a da yake bin fuskokin masu saye, sai dai yau su ne suka ji, shi ne bai ji ba. Yana cikin kallonsu sai wata murya mai kauri, ta saurayi mai ji da kansa, ta fasa zauren, garau, shekaru ba su rage ta da komai ba:

"Yi mani shiru, Mairama!"

Ya tariyo baya ya sake sawa. Ya juya ɗaya kunnen. Ya ce ko baturan ne, alhali da hannunsa ya ɓare su daga leda. Ya ce ko kan rediyon ne ya yi datti, ya goge shi da bakin rigarsa. Duk sawa abu ɗaya yake ji: ganga, huci, sannan tsawarsa.

Daga ƙarshe ya kashe, ya juya ga 'yarsa. "Ikilima, tana ciki?"

Ta matso gabansa yadda zai ga bakinta. "Tana ciki, Baba. Garau."

"Mi tac ce?"

Ikilima ta share fuska, ta faɗa masa da ƙarfi, kalma-kalma, ba da kari ba, don ta san karin ba zai kai gare shi ba. "Cewa ta yi: Malam ya kori kaji, Malam ya ɗamre akuya. Saura ni ɗai cikin ɗaki, ni kau ba ni zuwa ko'ina."

Ashe abin da rabin ƙasar Gobir suka haddace ke nan suna dariya, shi kaɗai bai sani ba. Ya kwafi kaset ɗin nan har hannunsa ya gaji, ya bi gari-gari ya goge shi, amma ko sau ɗaya bai saurari abin da ke ciki ba, lokacin da kunnen ke nan. Ya zauna dirshan a ƙasa, ya ce, "Kaico, Mairama."

Sammani ya zare kaset ɗin ya sa wa Kalilu a aljihu da kansa. Da ya rako su bakin hanya sai ya riƙe hannun abokinsa ya ce, "Kai gwani na, kowa ya sani. Toshe ramukan ga, ka goge tsawar ɗai, ka bar waƙarta. Ka huta da jin ta."

Kalilu zai iya, ya san zai iya, ko a yanzu hannunsa ba zai kuskure ba.

"A'a," ya ce. "Ita ɗai nika ji. In na goge ta, da mi za ni gane inda Mairama take?"

Har yau in ka bi ta ƙofar gidansa a Sabon Birni da hantsi, za ka jiyo tsohon kaset yana huci, da wata siririyar murya tana tsokanar mijinta a kan kaji da akuya. Masu wucewa suna jin ta, maƙwabta har sun haddace. Shi kuwa yana durƙushe a gaban rediyo, ya kama bakinsa, yana jira. In tsawar ta zo ya san ya katse Mairama, sai ya tariyo baya kaɗan, ya sake ba ta wuri.